Gaisuwar Gidan su Habu

A ƙofar gidan su Habu Inna ta damƙe hannuna ta ce, "Kada ki kuskura ki ce Allah ya jiƙansa."

Habu ɗan maƙwabtanmu ne a Fagge, saurayi mai koyon ɗinki. An aike shi Kasuwar Sabon Gari sayo zare, bai dawo ba. Ni kuwa lokacin ina yarinya, a sanina, in mata suka taru a gida kan tabarma, to mutuwa aka yi.

Na ce, "To me zan ce?"

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Ki ce ina wuni."

Muka tarar da tsakar gida cike. Wata ta rantse jirgin Ikko ya bi, tunda kuɗi sun ɓarke a can, kowa tafiya yake. Wata ta ce 'yan yankan kai ne. Wata tsohuwa ta ce ai rauhanai ba sa barin yaro kyakkyawa. Kowacce ta faɗi tata sai a amsa, "Haka ne." Na rasa yadda duka za su zama haka ne.

Mahaifiyarsa na gefe tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce ina wuni. Ta ɗago ta ce, "Ba ku gamu da shi a hanya ba?"

Yau ina da jikoki, har yanzu babu labarin Habu. In ina yi wa mamatanmu addu'a na zo kan sunansa, sai bakina ya tsaya.