Kajin da Aka Rege wa Gero

Kai ɗan nan, tunda ka ce ba ka yarda gata yana kisa ba, gyara zama ka ji abin da ya sami wata mata a wani ƙauye. Ni dai duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Matar nan 'yarta ɗaya tilo. An kai ta aure wani gari, ta sami cikin fari, aka ce za ta dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Yarinyar da ma can ba auki gare ta ba, ga laulayi ya tsotse ta. Sai uwar ta ci alwashi, in Allah ya sauke ta lafiya romon kaza za ta yi ta ɗura mata har ta gama wanka, ta mayar da ita ɗakin mijinta da kumatu. Tana da kajinta na gida tuɓul-tuɓul, masu yini a bola suna tono. Ta dube su ta yatsine fuska, ta ce naman da zai shiga cikin maijego ba zai fito daga juji ba. Ta wanke wani ɗaki mai daɓen siminti tas, ta kora su ciki, ta ja ƙyaure. Abinci kuwa, tabɗi! Geron da ita kanta ba kullum take ci ba, shi take ɗebo musu. Ta surfa, ta bakace dusar ta zuba wa akuya, sannan ta rege shi a ƙwarya kamar mai shirin fura, kada ko tsakuwa ɗaya ta shige. Safe da yamma tana bin ɗakin da tsintsiya. Ba ciyawa, ba gara, ba tsutsa, ba ƙasa. Don Allah ka taɓa jin inda aka yi wa kaza regaya? To ita ta yi.

Da farko suka ci kamar ba gobe, tana leƙowa tana murna. Daga nan ci ya fara ja da baya. Sai su zo bakin kasko su yi tsaye, su ɗan caccaka, su koma lungu su takure, fukafukai a sake. Zankon zakaran da ke cikinsu, wanda a da yake jawur, ya koɗe, cara ma ya daina. In kaza ta yi ƙwai sai ka ga ɓawon laushi kamar leda, kafin a kai hannu 'yan uwanta sun far masa sun shanye. Suka shiga fizgar gashin juna suna haɗiyewa har jini na fita. Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Baki ne, wallahi an yi wa kajina baki!" Ta jiƙa barkono da maɗaci ta ɗura musu, ta ƙara shara, ta ƙara cika kasko. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kullum tana ganinsu sun taru a gindin bango inda siminti ya ɗan fashe, suna ta sara da baki kamar za su haƙa rijiya. Me ta yi? Ta sa aka zo aka liƙe wurin.

Ranar haihuwa yarinya ta sha wuya, ta zubar da jini, ta yi fari fat, magana ma da ƙyar. Ungozoma ta ce a yi maza a ba ta romo mai zafi. Uwar ta ruga ta cafko zakaran, tana ɗaga shi ta ji shi sakayau kamar tsumma. Aka yanka, ta fige, ga ƙashin ƙirji tsaye kamar wuƙa, babu ɗigon kitse. Tana tsaga ƙundunsa ta saki wuƙar ta ɗauki salati. Cike yake taf da gero, ƙwaya-ƙwaya yadda ta zuba shi, ya jiƙe ya yi tsami yana wari. Tun tana yarinya take gyaran kaza, kullum ta tsaga ƙundu sai ta kakkaɓe yashi da tsakuwa tana tsaki, tana cewa kaza ƙazama ce. Yau ga ƙundu tsaf babu tsakuwa ko ɗaya, sai a lokacin ta gane ashe dutsen niƙan kaza ke nan, tunda Allah bai ba ta haƙori ba. Da hannunta ta raba su da dutsen niƙa ta cika su da tsaba. Yunwa ke cinsu alhali ciki a cike! Aka yanka ta biyu, aka yanka ta uku, duk kanwar ja ce.

Ta je ta buɗe ƙyauren ɗakin kajin. Masu sauran ƙarfi suka fito suna tangaɗi, suka tsallake kaskon gero ko kallo bai ishe su ba, suka faɗa kan ƙasar tsakar gida suna haɗiyar yashi. Wasu ko bakin ƙofa ba su iya kaiwa ba. Tukunya ta tafasa da kaji har uku a ciki, babu maiƙon da zai shafa leɓe. Aka tallafo maijego ta kurɓa, ta ɗago ido a galabaice ta ce, "Inna, ruwan zafi ne kika sa wa gishiri?" Uwar ta juya baya ta toshe bakinta da gefen zane, hawaye shaɓe-shaɓe, don babu wanda za ta ɗora wa laifi.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.