Farfelar da Ba a Gani

Malam Zubairu, tunda yau ka fara aiki da mu, zauna in ba ka wani misali kafin ka taɓa jirgin nan.

An yi wani injiniya da ya shekara ashirin da shida yana gyaran tsofaffin jiragen sama na fasinja masu farfela. Da jin ƙarar inji kawai yakan faɗi abin da ke damunsa. Dokar aikin ita ce ba a ratsawa ta inda farfela ke juyawa ko da injin a kashe yake, sai dai a zagaya ta ƙarshen fiffike. Shi kuwa ya daɗe da daina zagayen. In injin na kashe sai ya yanke ta tsakanin ruwan farfelar, har ya dafa ɗaya da hannu yana wucewa, sau goma a wuni, sau ashirin. Ƙafafunsa suka haddace wannan hanya.

Wata rana da azahar aka canja bututun mai a injin dama, matuƙi ya hau ya tayar da shi don gwaji. Injiniyan na tsaye a gaba, kunnuwansa a toshe saboda ƙara. Can ya hango baƙin mai na ɗiga a ƙarƙashin injin. Hankalinsa duk ya tafi kan ɗigon, ƙafafu suka kama hanyar da suka saba. Ita kuwa farfela in ta ɗau gudu ɓacewa take yi, ido ba ya ganin komai sai fili. Matuƙin ya hango shi ta taga, ya yi ta dukan gilashi yana ihu, amma wa zai ji? Ya kashe injin, sai dai farfela ba ta tsayawa nan take. Mutumin ya miƙa hannu da tsumma zai nuna ɗigon, ya ji an fizge tsumman, wata iska mai kaifi ta mari fuskarsa. Nan ya sandare. Ya kasa ja da baya, yana tsoron in ya motsa, gaba zai faɗi. Haka ya tsaya yana salati a zuci, farfelar na rage gudu, ruwanta na bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowanne na wucewa bai fi taƙi ɗaya daga hancinsa ba. Sai da ta tsaya cak ya duba hannunsa, ya ga babu yatsu biyu. Ana ɗaure masa hannun, abin da yake ta maimaitawa ke nan: "Ko da safen nan sai da na dafa ta."

To, Malam Zubairu, ka zagaya ta ƙarshen fiffike, yau da gobe da ranar da za ka ga kamar jirgin ya san ka. Hausawa sun ce, sabo da kaza ba ya hana yanka ta.