Ranar da Na Kashe Janareta

Motar kayanta na tsaye a bakin get lokacin da na kashe janaretan.

Ita ce 'yar hayata ta ƙarshe a gidan nan na Nassarawa, tsohuwar malamar makaranta. Sauran duk hayaƙi da tsadar dizal sun kore su. Tun shekarar da soja suka koma bariki injin ke ruri a bayan tagarta, ni kuwa na ce wanda bai iya ba ya tashi. Sai da gizo-gizo ya gaji ɗakunan sannan na sa aka shimfiɗa sola a rufi.

"Hajiya, dubi fanka na juyawa. Ba hayaƙi, ba ƙara."

"Alhaji, ihu bayan hari ke nan."

Ta ɗauki jakarta ta fito baranda. Sai ta tsaya cak.

La'asar ta kawo jiki. Ganyen mangwaro na motsi a hankali. Can cikin reshe kurciya ta yi kuka, wata ta amsa daga gidan maƙwabta. Daga wajen unguwar Giginyu kiran salla ya taso siriri, iska na kawo shi tana mayarwa.

"Kashe fankar ma," ta ce.

Na kashe. Ta daɗe idonta a rufe.

"Na ɗauka tsuntsayen nan sun bar unguwar tun rasuwar maigidana. Ashe ni ce ba na jin su."

Direba ya danna hon. Ba ta ko buɗe ido ba.

"Malam, kashe motar nan. Kana damun su."