Awarwaro a Ƙofar Gwaggo

Shekarar da gero ya ƙi, Inna ta tahi da ni garin Bambeye, wurin bikin sunan jaririn Gwaggo, ƙanwar babana. Na jera awarwaron azurfa har shida, ina tahiya suna kuka.

A bakin zaure Inna ta damƙe hannuna. "Tuɓe su, ki bar guda."

Na noƙe. Ga muryoyin mata suna matsowa.

"Gwaggonki ta saida nata ta ciyar da gida. Hannunki ba shi yin ƙara gabanta."

Na tuɓe, ta ƙulle su a haɓar zane.

Da muka shiga, Gwaggo ta kama hannuna, ta daɗe tana duban shatin da awarwaron suka bari, sannan ta dubi Inna. Har yau, wallahi, ban sani ba ko kunya muka rage mata ko ƙara mata muka yi.