Murfin da Inna Ta Daina Taɓawa

"Tukunyar zamani ba ta rufa wa kowa asiri," na ji maƙwabciyarmu Ladidi tana faɗa a bakin famfo. "Kafin likita ya sani, ita ta sani."

Tun da aka raba tukwanen nan, kullum da safe kowa sai ya ɗora tafinsa a murfi, tukunyar kuma ta faɗi abin da jikinsa ke nema. Yau ni ta ce in ci waken Larabawa, mai kama da gurjiya. Na jiƙa shi, na dafa mana da albasa da alayyafo, na jefa daddawa saboda Inna.

"Delu, wannan waken naki ko ƙosai ba zai yi ba," Inna ta tsokane ni. "Hannunki ne dai ya cece shi."

Cokali biyu ta ci, ta turo mini sauran. Tun bayan Sallah ba ta ƙara taɓa murfin ba. Ko matsar da tukunyar za ta yi, sai ta naɗe hannu da gefen zane, alhali babu zafi.

Na matsa na jingina da kafaɗarta.

"Inna, ranar nan bayan Sallah, me tukunyar ta faɗa miki?"