Ruwan da ke Cin Leda

Tun da Farfesa Uwani ta ƙirƙiro ƙwayoyin halitta masu cinye leda da roba, kwatocin Kano suka washe. Ta yi ta rubutun gargaɗi cewa a juji kaɗai za a zuba ruwansu. Matan unguwa kuwa suna sam wa juna a kofi, kamar garwashi.

Ranar da aka kwantar da mahaifinta a asibiti, ta iske maƙwabciyarsu Iya Tabawa ta goge gadon asibitin da ruwan, wai don tsafta.

"Iya, wa ya sa ki? Shekara nawa ina hanawa!"

"Kul, 'yar nan! Da Turanci kika hana. Kin taɓa shigowa gida kin gaya mana?"

Uwani ta waiwaya. Robar ƙarin ruwan Baba ta yi laushi, ta fara ɗiga a kan zanin gado.