Dami na Goma

Igiyar dami na goma kullum ta fi sauran gajarta. Haka Ƙasimu ke ɗaure geronsa a Marnona: tara manya na rumbu, ɗaya siriri na zakka.

"Goma cikin ɗari, Malam. Ƙirga ka gani."

Liman ya ƙirga. "Lissahi ya cika."

Bayan kwana uku Ƙasimu ya je Sisawa gaida ɗiyarsa Sabuwa, wadda fara ta cinye gonar mijinta.

"Baba, liman ya aiko muna zakka," in ji ta. "Amma mai gonar, Allah shi shirye shi. Dubi abin da yak kira dami."

Ƙasimu ya dubi igiyar. Ƙullinsa ne. Ya sa takalmansa, ya fita.